Sai Na Duba da Idona Zan Sa Hannu

Dandamisa,
Ƙasar Makarfi.

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggonki Laure da mutanen gidanta duka a can Zariya. Mu nan lafiya lau muke, sai dai kewa. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya a aljihuna. Na ɗauko wayar ba sau ɗaya ba, in na kai kan lambarki sai in mayar. Muryata ba ta da amana a kan maganarki, tana iya karyewa a tsakiyar zance ta ba ni kunya. Kuma ke da bakinki kika ce a wurin aikinku ba a karɓar maganar baki, sai a rubuce. To ga rubutun, da hannun da ya fi sabawa da adda.

Ga inda muka tsaya. Kin haɗa kayanki kin tafi gidan Gwaggo jiran motar Legas, kin kuma ce ba za ki sa ƙafa a cikinta ba sai na ce na amince. Mutanen da suka ɗauke ki aiki sun ba ki zuwa ƙarshen makon nan, in ba ki je ba su ba wani. Ni kuwa tun ranar da kika kawo maganar na yi gum. Da kika matsa, sai na ce miki, "Ki yi abin da kika ga ya dace." Kika durƙusa, kanki a ƙasa, kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba amincewa ba ce. A wurinmu in mai dubawa ya ce haka, ba a shigar da gyaran." Raina ya sosu a ranar. Na ce a zuciyata, yarinyar da na goya a wuya zuwa gonar rake ita ce yau take auna mini magana. Amma gaskiya kika faɗa, kuma taurin kan nan na san gidan da kika ɗauko shi.

Bari in maimaita abin da na fahimta game da aikin naki, yadda kika yi mini bayani a gindin mangwaro, in na karkace ki miƙe ni in mun haɗu. Akwai wata manhaja da ƙananan asibitoci suke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki. Ba sayar da ita ake yi ba, duk mai so ya ɗauka, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta. Wanda ya ga ɓaraka sai ya rubuta gyara ya aiko, kuna ce masa faci, irin dai na tayar keke. Sai dai facin ba ya shiga haka kawai. Wanda ya rubuta shi zai sa sunansa a ƙasa, wato yana cewa aikinsa ne, ya san inda ya samo shi, bai ɗauko na wani ba da izini ba. Wani ya karanta layi bayan layi ya sa nasa sunan, wato ya duba. Wani ya gwada ya sa nasa. Sannan mai riƙe da ƙofa ya shigar da shi, ya bazu duk inda ake amfani da manhajar. Kin ce kuma ba a sa hannu da laƙabi, sai sunan yanka. Yanzu an ba ki riƙon ƙofar wani sashe, shi ya sa kamfanin Legas ya neme ki.

Lokacin da kike bayanin nan kin ga na yi shiru, kika ɗauka ban gane ba. Na gane fiye da yadda nake so. Tanimu ne na tuna.

Ba ki san Tanimu ba, ya rasu kina rarrafe. Mutumin Kudan ne, abokina tun muna yara. A shekarun farkon aurena da Innarki, mutanen fadamarmu sun yarda da idona a kan irin rake. In za a sayo iri, ni ake turawa in duba gonar da za a saro shi, in na ce da kyau, magana ta ƙare. Ina jin daɗin abin ƙwarai, har tafiyata ta canja. Wata shekara aka ji Tanimu yana da iri, aka ce in je in gani. Na hau keke na tafi. Na same shi a zaure, ya sa aka dama fura, muka shiga hirar da, ta wane ya yi aure, wane ya tafi kudu. Kafin mu farga rana ta karkata, gonar kuma da ɗan nisa. Na ce mu tashi mu leƙa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Isiyaku, ni da kai? Sai ka taka har gona kafin ka yarda da rakena?" Kunya ta kama ni. Na ƙarasa furata na juyo gida. Da aka tambaye ni, na ce, "Na gani, iri ne mai kyau."

Tanimu bai cuce ni ba, ina so ki riƙe wannan. Shi kansa bai lura ba, daga wajen wani mutum ta ɓangaren Ikara ya samo irin, shi ma bai tambayi asalinsa ba. Aka saro aka dasa, gona bayan gona. Raken ya tashi kamar abin kirki. Can sai ya fara fitar da wata baƙar bulala a ka, in iska ta kaɗa ta zubar da baƙin gari a kan na kusa da shi. Ta shiga gonar wanda ya sayi irin, ta tsallaka ta wanda bai saya ba. Sai da muka tuge muka tara muka cinna wuta. Ina tsaye ina kallon hayaƙin, tsoho Malam Audu mai gonar da ke jikin tamu ya matso kusa da ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Isiyaku, da idonka ka gani?" Na ci gaba da kallon wutar. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kai ni gaban mai gari. Sai dai daga shekarar, in an zo maganar iri ina zaune a wurin, sai a tashi a je a tambayi wani. Na daɗe ina zama a haka kafin a sake juyowa gare ni.

Don haka Mamana, in facin wani ya zo gabanki, ki taka har gona. Wanda zai fi ba ki wuya ba baƙo ba ne, wanda kuka saba ne, wanda ya taɓa taimakonki, wanda zai ce miki ɗan ƙaramin gyara ne, sa hannu kawai mu wuce. Ki ce masa ya jira. In karantawa kika yi, ki ce kin karanta. In ba ki gwada ba, kada ki rubuta kin gwada. In rabi kika duba, ki faɗi rabin da kika duba. Ki kuma tambayi inda abu ya fito kafin ya zo hannunsa. Ni rake na ɓata, aka ƙone aka sake dasawa. Ke bayanin maganin ɗan wata ne zai iya rikicewa a wani asibitin ƙauye da ba za ki taɓa sanin sunansa ba.

Bayan abin Tanimu sai na zarce ɗaya gefen, na zama mutumin da bai yarda da idon kowa ba sai nasa. Kin san yadda ake mazarƙwaila: a matse rake, a zuba ruwan a babban kasko, a yi ta juyawa a kan wuta har ya yi kauri, sannan wani ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya taɓa, in ya kama ya ce a sauke. A al'ada mai juyawa daban, mai cewa a sauke daban. Ni na haɗa duka biyun a kaina. Wata rana Innarki ta kawo mana abinci wurin dahuwa, tun daga nesa ta ce, "Malam, kamar ina jin ƙauri." Na ce mata ta ajiye kwano ta koma, mu ne muke cikin aikin. Ashe hancina ne ya toshe don na wuni cikin hayaƙi. Kasko guda ya fito baƙi ƙirin da ɗaci, ko yaran unguwa da ba sa ƙin zaƙi sun tofar. Har yau in na cika baki a gida, sai Innarki ta ɗan shaƙi iska ta dube ni. Yanzu da ƙofa take hannunki, za ki iya rubuta faci ki shigar da kanki ba wanda zai hana ki. Kada ki yi. Ki miƙa wa wani ya duba, ko da kin fi shi sani, domin shi bai wuni a cikin hayaƙin ba.

Saura maganar da na fi jin nauyinta, ita ce ta Baffanki Ilu.

Ke kin san shi a matsayin Baffan Jos mai zuwa da tsarabar dankali da Sallah. Ni na san shi a matsayin ƙanen da muke kwana a tabarma ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu, gida ya dawo wuyana. Ilu ya same ni a gona ya ce yana so ya tafi Jos koyon kanikanci, akwai wanda zai karɓe shi, yana neman izinina. Ba na so ya tafi. Ba don aikin gona ba, ko da yake haka na riƙa gaya wa kaina. Kewarsa nake tsoro. Amma ba ni da hujjar hana shi, don haka na ce, "Za mu gani." Ya dawo bayan girbi, na ce za mu gani. Ya sake dawowa, na ce wai gaggawar me yake yi. Mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka ce masa e, ko ka ce masa a'a. Kada ka rataye yaron nan." Na ce to, ban kuma yi ba. Wata ranar kasuwar Makarfi ya bi motar kaya, bai dawo ba. Shi a ganinsa na hana shi ya tafi a kan ƙin yardata. Ni a ganina ai ban hana shi ba.

Allah ya rufa masa asiri, ya zama mai garejin kansa. Amma ki lura da shi in ya zo. A zaure yake zama kamar baƙo. Yana gaishe ni da ladabin da ya wuce kima, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, ya tashi. Aurensa a bakin wani na ji an sa rana. Gidan da ya gina, bayan ya tare na sani. Tun daga waccan shekara Ilu bai sake neman shawarata a kan komai ba, kuma ba ni da bakin yin ƙorafi. Ina kewar ƙanena alhali yana raye, yana zuwa gidana kowace Sallah.

Ke ma za a riƙa aiko miki da aiki ana jiran amsarki. Wani ɗan koyo ne, ya yi kwanaki yana haɗa facinsa, yana buɗe waya safe da yamma ko kin ce wani abu. Ki amsa masa. In bai yi ba, ki ce bai yi ba, ki nuna masa wurin, ki gaya masa yadda zai gyara. In ba ki da lokaci, ki faɗa, ya san inda ya tsaya. Kada ki yi masa za mu gani. Na san abin da kike cewa a ranki yanzu, cewa mai wannan nasiha shi ne ya bar 'yarsa a rataye a Zariya. Ki faɗa, ba laifi, Innarki ta riga ki.

To amma ki ji uzurina. Kin ce amincewa ta gaskiya kike so, ni kuma na yi wa kaina alkawari tun ranar hayaƙin nan ba zan sake cewa na gani ba alhali ban gani ba. Me na sani game da aikinki? Na san dai kina zama a gindin mangwaro inda sabis ya fi kamawa, kwamfuta a cinya, kina ƙwas-ƙwas har a kira la'asar. Wannan zaman zaure ne, ba shiga gona ba ne.

Sai na tuna kin ce komai naku a buɗe yake, kowa yana iya dubawa. Na ce to, kowa ai har da manomin rake. Ranar kasuwa na tafi Makarfi na sami Malam Nura, wanda ya koya miki Turanci a sakandare, yanzu yana da shagon cajin waya a bakin tasha. Na gaya masa buƙatata. Ya yi dariya ya ce, "Malam Isiyaku, binciken 'yar taka ka zo yi?" Na ce ƙwarai, iri na zo dubawa. Ya ba ni benci, ya buɗe shafin a wayarsa, ya shiga jan yatsa yana karantawa yana mayar mini da Hausa.

Abin da na fara gani ban buƙaci tafinta ba. Sunanki ne a rubuce, sunan yanka, ga nawa a jikinsa. Kin san ban taɓa kiran sunan nan ba. Ranar sunanki da liman ya tambaya a kunne na raɗa masa, tun daga nan Mamana nake cewa, don bakina ba zai iya kiran sunan wadda ta haife ni gatsal ba. Sai ga shi a jere, layi bayan layi, sunan mahaifiyata da nawa, a gaban mutanen ƙasashen da ban san da su ba. Matar da ba ta taɓa wuce Zariya ba. Malam Nura ya karanta shi da ƙarfi, na sunkuyar da kai kamar ni aka kama. Na ce masa ƙurar tasha ce ta shiga idona, ya yi mini kara ya mayar da idonsa kan waya.

Muka ci gaba. Ya nuna mini inda wani da alama kun saba, don har wasa yake miki, ya ce ki shigar masa da facinsa yau yau. Kika ce masa kin karanta amma ba ki gwada ba tukuna, ba za ki sa hannu ba sai kin gwada. Na ce Malam Nura ya maimaita mini wannan. Ya nuna mini inda wani faci naki ya jawo matsala bayan ya shiga, ba wanda ya kama ki, ke kika dawo kika ce daga wajenki ne, ga gyaran, wani ya duba miki. Ya nuna mini wani ɗan koyo daga wata ƙasa mai nisa da ya aiko aiki a hargitse yana ta ba da haƙuri. Kika yi masa godiya, kika bi da shi wurin da ya kuskure, da aikin ya gyaru kika bar sunansa a sama, naki a ƙasa. Na zauna a bencin nan har kasuwa ta fara watsewa, ban sayi ko gishirin da Innarki ta aike ni ba.

Kin ga ke nan duk nasihar da na cika takardar nan da ita kin riga ni sani. Na rubuta ne duk da haka, domin uba ba ya sallamar 'yarsa hannu rabbana, ni kuma abin da na tara ke nan. Kuma ina so ki san ba a littafi na samo ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ba na so ki tafi. Tun da kika bar gidan nan in na dawo daga gona ƙafata gindin mangwaro take kai ni. In tsaya in ɗaga waya sama kamar mai neman sabis, alhali ba wanda zan kira. Kujerar robar da kike zama tana nan, ƙannenki sun so su shigar da ita ɗaki na ce a bar ta. Kullum in na ce Mamana a cikin gida, mutum biyu nake kira, ke kike amsa musu duka. Yanzu in na kira ba mai amsawa. Wannan shi ne abin da ya ɗaure mini baki, ba Legas ba, ba maganar mutane ba. Irin abin da ya ɗaure shi a kan Ilu ne, kuma na ga inda wancan ya kai ni. Gara in yi kewarki kina kirana kina neman shawarata, da in yi kewarki kina zaune a zaurena.

Na kira Hafsatu 'yar Gwaggonki da ke aure a Agege, na yi magana da mijinta, sun ce ɗakinki yana nan a share. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki kira Innarki ko da ba ki da labari, ita ba za ta ce miki tana jira ba. Na ba direba ƙullin mazarƙwaila, ta bana ce, kuma Innarki ce ta ce a sauke, don haka ba ƙauri. Ki ba Gwaggo nata, kada ta cinye miki naki.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na masauki. Allah ya tsare miki idonki da hannunki da sunanki, ya dawo mana da ke muna raye. Amin.

Legas ban gan ta ba, don haka ba zan sa hannu a kanta ba, na bar ta a hannun Allah. Ke na duba, kuma na taka har gona. Kin ce ba a karɓar laƙabi, to ga shi yadda kuke yi. Na daɗe riƙe da biron nan kafin hannuna ya yarda, mahaifiyata ta yafe mini.

Na duba da idona, na amince da tafiyar Zulaihatu Isiyaku.

Wanda ya sa hannu,
mahaifinta, Isiyaku Garba.

Ki shiga mota, Mamana.